Ɗaurayar Tukunyar Dafi

Kwanan baya wasu samari suna zaune a ƙofar gidana suna ɗinkin komar kamun kifi, sai na ji ɗayansu yana cewa wai haɗa dafin kibiya ba sana'a ba ce, mugunta ce kawai aka ɗora a murhu. Wai ka tara duk abin da ke kisa, ka zuba ruwa, ka hura wuta, shi ke nan. Na bar shi ya gama, don wanda ya raina tsayuwar wata sai ya hau ya gyara. Ni Haruna a bakin wannan tukunya na yi wayo, kuma tun da yanzu babu mai ɗaure ni a kanta, bari in ba ku labarinta.

Maigidana Baba Maina ne, abokin mahaifina. Shi ke haɗa wa maharban yankinmu dafi, a wani ƙauye gabas da Haɗeja, inda kogi ke bazuwa cikin fadama kowace damina. Aikin farko da ya ba ni shi ne nuna hannu. Kullum da safe in shimfiɗa masa tafukana, ya juya su, ya buɗa tsakanin yatsu, ya duba gindin farce. In ya ga ko ƙarzunar ƙaya ce, ran nan ba ni ba zuwa wajen tukunya. Ɗan fadama kuwa, mai kamun kurungu da hannu, ka ce ya zauna da fata lafiyayya? Sa'o'ina suka sa mini suna Amarya, don ko itace zan ɗauka sai na naɗe hannu da tsumma. Sai ranar da na ga ƙaton gadu ya kife daga rauni ɗan ƙanƙane a cinya na daina jin haushin sunan.

Kayan aikin ba su da yawa. Tukunya ce baƙa ta ƙasa wadda tun daga hannun kakan Baba ba ta taɓa ganin tuwo ba, da muciya, da ludayi, da tandu na ajiya. A bayan gari muke dahuwa, gindin wata kanya, ka ba iska baya don kada tururi ya shiga idonka. Uwar haɗin kuwa ƙwayar kwankwani ce. Sauran mahaɗin kada ma ku tambaya, da su za a binne ni.

Na tuna wani maharbi da ya zo daga wajen Birniwa yana huci. Ya sayi dafi wurin wani, ya harbi gwanki, kafin ya isa da wuƙa naman ya riga ya mutu. Mushe ke nan, sai ungulu. Baba ya ce masa, "Ai wanda ya haɗa maka gwani ne a kisa, amma bai san Musulmi zai ci ba." Wannan ita ce wahalar sana'ar da samarin yanzu ba su sani ba. Dafi ya yi rauni, nama ya gudu da kibiyarka. Ya yi ƙarfi, ya haramta. Abin da ake nema shi ne ya kayar da dabba ta kwanta da sauran numfashi, ta jira mai yanka. Na gwanki daban, na mariya daban. Na dorina, mai tattake wa mutane shinkafa a fadama, shi ne kaɗai ba a yi masa sassauci. Makiyaya kuma na kura suke nema, su ba ruwansu da halal ɗinta.

Da kwaɗo muke gwaji. In an sauke tukunya sai a kamo ɗaya daga bakin ruwa, Baba ya ce masa, "Yi haƙuri, bawan Allah," ya ɗan soke shi da tsinke, mu tsuguna muna kallon inda tsallensa zai ƙare. Daga nan yake sanin ko a ƙara wuta ko a ƙara ruwa. Na daɗe ina kallon kwaɗi kafin idona ya fara ganin abin da nasa yake gani.

Shi kwankwani ba ya tsayuwa da ƙafarsa, bishiya yake hawa, kuma yakan yi shekaru bai ba ka komai ba. Namu kakan Baba ne ya shuka shi jikin wata tsamiya a bayan gida. 'Ya'yansa biyu-biyu suke fitowa, a baje kamar ƙahon sa, shi ya sa muke ce musu ƙaho. In ƙahon ya bushe sai ya fashe, ƙwayoyin su tashi sama da wani farin gashi irin na tumfafiya. Al'adar gidanmu ita ce ba a cire biyun. Ka karya ɗaya, ka bar ɗaya. Baba yakan ce, "Ɗaya naka, ɗaya na iska." Ranar da kwaɗayi ya sa na murɗe biyu, ban sha duka ba, amma na sha kallon da ya fi duka.

Wannan duk cinikin ƙofar gida ne. Akwai na cikin gida, wanda Iya Falmata, matar Baba, take riƙe da shi. Wajenta masu kumburi suke zuwa. Ku ba ku san wannan ciwo ba sai a suna. Ƙafa ta cika har in ka danna yatsa ramin ya zauna, ciki ya taso, mutum ya yi taku kaɗan ya tsaya yana haki. In ya kwanta sai numfashi ya ɗauke, don haka a zaune suke barci, a kifa musu turmi, a ɗora tsumma, su rungume shi. Duk gidan da ka ji shiru ba a daka, ka ga mata suna zuwa maƙwabta aron turmi, to akwai mai kumburi a ciki. Iya takan ba su wani ruwa mai ɗaci a ɗan ludayi. Bayan 'yan kwanaki fitsari ya ɓalle, ƙafa ta saɓe. Ita ba ta cewa mutum ya samu sauƙi sai ta ji an ce turmi ya koma bakin aikinsa.

Ruwan Iya ake ce masa, kowa ya ɗauka wata saiwa ce take tonowa. Ba saiwa ba ce. In mun kwashe dafi, ita ke karɓar tukunyar. Ta ɗauraye ta zubar a rami, ta sake ɗaurayewa ta zubar, har sai ta ɗanɗana a bakin harshe ta ji ɗacin ya sauko inda take so. Wannan ɗaurayar ta ƙarshe ita ce maganin. Takan jefa tsamiya a ciki don ta ɓatar da sawu. Mu uku kaɗai muka sani, don wa zai miƙa baki in an ce masa wankin tukunyar dafi ne?

Ba zan yi muku ƙarya in ce kullum ana dacewa ba. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, to harshe ma haka ne, sai dai kima ba awo ba ce. Akwai waɗanda suka sha suka yi ta amai, akwai wanda Iya ta daɗe tana cewa da ta ƙara ɗauraya ɗaya. Amma waɗanda suka tashi sun fi yawa nesa ba kusa ba, kuma a wancan zamani in ba ita ba sai kabari.

Mummunar shekarar ta faro ne daga rigimar su, wato kamun kifi. Ƙauyuka biyu suka yi jayayya a kan wani tafki, aka ɗaga murya, aka ɗaga sanda, wani marar hankali ya saki kibiya. Kafaɗar wani magidanci ta ɗan shafa, irin raunin da yaro ma zai ɗaure ya ci gaba da wasa. Kafin la'asar an yi masa sutura. Baba ya je ya ga kibiyar, ya dawo bai ci abinci ba, don ya gane haɗinsa ne. Saboda haka in na ji mutane suna cewa dokar hana dafi da Nasara suka kafa bayan haka zalunci ce zalla, nakan ce a'a. Mutumin nan yana da 'ya'ya, na san su.

Doka ta gangaro daga sama har ta iso hannun Bulama, mai garinmu. A sare kwankwani duk inda yake, a fasa tukwanen dafi, wanda aka kama da ƙaho ko ƙwaya ɗaya sai gidan yari. Iya ta ce, "Malam, ka je ka faɗa musu. Ka ce a bar mana ko da tukunyar ce, saboda masu kumburi."

Baba ya ce, "In faɗa musu me? In ce shekara da shekaru muna shayar da mutane wankin dafi? Duk wanda ya taɓa mutuwa bayan ya sha ruwanki, danginsa za su taso. Ni gidan yari, ke jifa."

Gaskiya ya faɗa, kuma nan ne asirinmu ya cinye mu. Da mutane sun sani, da tsofaffin da suka tashi daga kan turmi sun cika ƙofar hakimi suna roƙo. Amma mun ɓoye abin sosai har ba wanda zai yi mana shaida. Waɗanda Iya ta warkar ma suna cikin masu cewa gara da aka hana. Baba bai bari dogari ya taɓa tsamiyarsa ba. Shi ya ɗauki gatari da hannunsa ya sare abin da kakansa ya shuka, ya ɗauko tukunyar ya fasa a gaban Bulama. Na ga gutsattsarin, cikinsu baƙi ƙirin har tsakiyar yumɓu.

Na koma su, da gora da koma kamar kowa. Dorina ta samu gari, shinkafa ta sha kashi, maharba suka koma ɗana tarko. Abin da ya fi ci mini rai shi ne masu kumburi ba su daina zuwa ba. A ɗauko mutum a kan jaki tun daga wajen Kafin Hausa, Iya ta fito ta ce saiwar ta ƙare a daji. Su ce, "Iya, faɗa mana inda take mu tono." Sai ta shige ɗaki.

Wajen su ɗin ne na gamu da rabon iska. Akwai wani tudu a tsakiyar fadama, ruwa ke kewaye shi har bayan kaka, ba mai zuwa sai tsuntsaye. Na ratsa in huta, na ɗaga kai, sai ga kwankwani ya naɗe wata giyayya tun daga gindi har ƙoli, ƙahoni reto-reto. Ba mai shuka shi a can sai ƙahon da muke bari. Na kai Baba a jirgi ya gani. Ya daɗe yana shafa jikin kwankwanin, sannan ya ce, "Kada ka taɓa, kada ka faɗa. Doka tana tsufa. Wata rana wani zai buƙace shi."

Ashe shi ne zai fara buƙata. Bayan 'yan damuna takalminsa ya daina shiga, sannan hawan gangaren kogi ya gagare shi. Ranar da na shiga gidan na tarar Iya ta kifa masa turmi, sai da na fita waje na share ido. Na ce mata a ɓoye zan je tudu in karyo ƙaho, mu sayi sabuwar tukunya. Ta girgiza kai. Ta ce, "Tsohuwar na sani, Haruna. Ta sha ta ƙoshi, abin da take saki kaɗan-kaɗan ne, harshena ya san halinta. Sabuwa ban san abin da za ta riƙe ba, ban san abin da za ta saki ba. Kana so in kashe shi da hannuna?"

A wannan kakar ne wani likita Bature ya sauka a yankinmu yana duba wuyan mutane saboda ciwon barci. Malamin asibitin da ke yi masa tafinta, Malam Garba, ya riƙa bin maharba a hankali yana tambaya ko akwai mai sauran ƙahon kwankwani, Likita yana so. Kowa ya ce tarko ne. Jiya a ɗaure mai shi, yau a ce ana nema? Har waɗanda suka girma a gindinsa suka rantse ba su taɓa jin sunan ba. Ni ma da na yi shiru, sai dai na ji Malam Garba ya ce wai magani ake yi da shi a Turai. Na bi shi har rumfar Likita.

Likitan ƙato ne, jajir, gumi kamar an watsa masa ruwa, amma yana da haƙurin sauraro. Ya ce a ƙasarsu akwai maganin zuciya da ake yi da ƙwayar wani ɗan'uwan kwankwani, ana ba masu kumburi, kuma yana so a bincika ko namu ya yi irinsa ko ya fi shi. Na ce, "Ranka ya daɗe, da me kuke gane ƙarfinsa?" Malam Garba ya juya masa, ya juyo mini yana dariya, ya ce, "Wai da kwaɗo." Na ce lalle likita bokan Turai. Daga nan na saki jiki na faɗa masa abin da ba mu taɓa faɗa wa kowa ba. Bai yi tsaki ba, bai kuma yi mamaki ba. Ya ce abin da Iya take nema da harshe su sun samu hanyar auna shi, ɗigo-ɗigo, yau da gobe duk ɗaya.

Na ce to a ba Baba. Ya ce kwalbar tana Kano a kulle, don su ma sun san dafi ne. Shi likitan ciwon barci ne, in ya nema za a tambaye shi dalili, ba kuwa za a ba shi ba. Amma in ya aika da ƙwayar ƙasarmu, yana da hujjar cewa a turo masa tasu ya gwada su gefe da gefe. Na ce gobe zan kawo. Ya ɗaga hannu. Ya ce izinin da ke gare shi na riƙewa ne, bai ba wani baƙin mutum izinin tsinkowa ko ɗaukowa ba. In aka gan ni da shi, shi ba zai iya fitar da ni ba. Ya yi ta rubutu a gyara wannan, ba amsa.

Malam Garba ya ce, "Sai dai in shi zai tsinka da hannunsa." Muka dubi juna. Sannan ya ƙara da abin da na riga na sani. Bature ba ya fita rangadi ba dogari, dogari kuwa in ya ga kwankwani dole ya sare.

Na dawo na faɗa wa Baba, yana rungume da turminsa. Da ƙyar yake haɗa kalma biyu, amma ya samu numfashin yi mini faɗa. "Ni na ci zamanina," in ji shi. "Shi kaɗai ya rage a ƙasar nan. Ka ba da shi don tsoho ya ƙara damina ɗaya? Ban yafe ba in ka kai su." Iya ta rako ni zaure. Ta ce, "Itace yana da iri. Shi wannan ba ni da irinsa. Ka kai su, fushin ka bar mini."

Da hantsi muka shiga jirgi, ni da gora ina tuƙi, Likita a tsakiya jirgin har yana nitso, Malam Garba, da wani dogari mai suna Baƙo da addarsa a cinya. Ruwa ya fara ja amma bai ba da hanya ba, muka yi ta kutsawa cikin ciyawar burgu. Da muka isa tudun na maida hannuwana baya na harɗe, na ce wa Baƙo ya zama shaida ban taɓa ko ganye ba. Likita ya cire takalmi ya kama giyayya. Ban taɓa zaton zan ga ranar da zan tsaya a ƙasa ina ce wa Bature dama, hagu, ƙara sama ba. Cinnaku suka samu nama ja, yana sosawa yana faɗin wasu kalmomi da Malam Garba ya ce ba za su fassaru ba.

Da ya kai hannu zai murɗe biyun, bakina ya riga hankalina. Na ce, "Ɗaya, ranka ya daɗe! Ɗayan na iska ne." Ya tsaya a kan reshe aka yi masa bayani. Ya dubi ƙahon, ya dubi fadama, ya tambaya ko haka wannan ya zo nan. Na ce haka ne. Ya gyaɗa kai, ya riƙa karya ɗai-ɗai yana cusawa a jakarsa har ta cika.

Ya sauko ke nan Baƙo ya zare adda. Likita ya yi masa magana, ya roƙe shi sosai, ya ce abin nan magani ne, a jira amsar takardarsa. Baƙo ya ce, "Ranka ya daɗe, kai gobe ka yi gaba, ni a nan zan tsufa. In aka ji na gani na kau da kai, wa zai ciyar mini da gida?" Ya juyo ya ce, "Haruna, ka san ba ni ba ne." Na ce na sani. Ban ji haushinsa ba, har yau. Amma saran farko a cikina na ji shi.

Da ya datse gindin, sai ya ce doka ta ce a janye a ƙone. Ya kama jijiyar ya yi ta fizga da ƙarfinsa duka, giyayya tana girgiza. Ƙahonin da aka bari kuwa sun riga sun bushe, jira suke yi. Sai muka ji tas, tas, tas a sama. Farin gashi ya cika sararin tudun, iska ta kwashe shi ta yi kan ruwa da shi, wani gabas, wani arewa, har inda ido ya gaza. Malam Garba ya ce, "Dogari, ga masu laifi can suna tserewa." Baƙo ya goge addarsa a ciyawa, ya ce, "An ce in sare itace, ba a ce in kamo iska ba." Ban sani ba ko da gangan ya yi fizgar nan da ƙarfi haka. Ban taɓa tambayarsa ba.

Baba ya daina amsa gaisuwata. In na shiga sai ya juya fuska bango. Jiran kuwa ya yi tsawo, ƙafafunsa suka fara tsattsafo da ruwa, leɓensa ya yi duhu, har na fara tunanin na yi biyu babu. Sai wata rana da rana tsaka ga Malam Garba a kan keke, da 'yar kwalba shuɗiya wadda ba ta kai tsawon yatsa ba. Ya ce shi zai riƙa zuwa yana ɗigawa da kansa, kada kowa ya taɓa. Ya ɗiga a ruwa, ya miƙa. Baba ya ce, "Ba na shan diyya."

Iya ta karɓi ƙoƙon. Ta tsoma ɗan yatsa ta ɗora a bakin harshe, ta rufe ido yadda takan yi a bakin ramin ɗauraya. Ta daɗe. Sannan ta ce wa Baba, "Malam, tamu ce. Sai dai ba su sa tsamiya ba."

Ya dube ta, ya miƙo harshe kamar yaro, ta shafa masa. Na ga fuskarsa ta canza. Ya juyo wajena, karon farko tun ranar tudu.

"Biyu-biyu ya cire?"

"Ɗai-ɗai, Baba."

"Baturen?"

"Da hannunsa. Sauran duka iska ta kwashe, a gaban dogari."

Ya ja numfashi da ƙyar. Sannan ya ce, "Kai dai ba ka jin magana, Amarya. Ba ni." Ya shanye, ya yamutsa fuska.

Abin da binciken Likita ya haifar ban sani ba. An ɗauke shi zuwa wata ƙasa, Malam Garba ya ce ƙwayoyin sun tafi a jirgin ruwa, daga nan ba labari. Dokar ba ta tsufa da wuri yadda Baba ya zata ba, ta riga ta binne sana'ar kafin ta mutu, bindiga kuma ta gaje mu. Yau in kun ga kwankwani jikin wata giyayya a fadama, kuna wucewa ba ku san sunansa ba, kuma ni ban ce ku taɓa ba. Baba ya ƙara damuna biyu a duniya, ya ga auren 'yata ta fari, ya ci shinkafar bikin.

Amma ranar da nake so ku riƙe ita ce wata Laraba, 'yan kwanaki bayan ya fara sha. Na dawo daga su bayan azahar, na shiga gaishe shi, na tarar da shi shimfiɗe a tabarma, rigingine, hannuwa a sake. Gabana ya faɗi, don rabon da in gan shi a kwance tun kafin damina. Na buɗe baki zan yi salati sai na ji minshari. Iya ta ɗaga mini yatsa kada in tashe shi. Ta tura turmin da ƙafa, ta mirgina shi a hankali har tsakar gida, ta tayar da shi, ta zuba gero. Maƙwabciyarta ta leƙo ta kan danga ta ce, "Iya, yau ba kya zuwa aro?" Ta ce, "Nawa ya dawo." Ta ɗaga taɓarya.